Fuskar mota da idon direba: Abin da Fijo 504 ta haɗa da motocin tsere na da

Duk wanda ya yi fatauci tsakanin Garwa da Yola, ko tsakanin Mubi da Gidar, a shekarun 1980 da 1990, ba ya buƙatar a gaya masa cewa Fijo ce ke tafe idan dare ya yi. Tun kafin ƙarar injin ta iso kunne, idanun nan biyu masu faɗi, waɗanda gefensu na sama ya ɗan karkace kamar gira, sun riga sun ba da labari. Mun san direbobin da suka tsufa a kan wannan mota, haka kuma mun san 'yan kasuwar da jarinsu ya tashi daga buhu biyu zuwa shago a bayanta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan fuska da muka saba gani a tasha tana da dangantaka ta jini da motocin ƙawa da gudu na Turai da Japan, kuma tambayar da masu zana waɗancan motoci suka sha fama da ita, ita ce dai har gobe ke gaban duk mai fita da kaya da asuba: daga kujerar direba, me ake iya gani, me kuma gaban motar ke ɓoyewa?

Bari mu fara da abin da ya sa gaban tsofaffin motoci yake da tsawo. Irin motocin da makanikai ke kira masu farfela, wato waɗanda tayoyin baya ne ke tura su, ana kwantar da injinsu ne a tsaye daga gaba zuwa baya. Lagireto da fanka na can gaba, injin na biye, giyabos na bayansa, sannan farfela ta bi ta ƙarƙashin mota ta kai ƙarfi ga aksul na baya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na son wurinsa, saboda haka dole bonet ya miƙe. Idan injin mai silinda shida ne a jere, kamar na Jaguar E-Type da aka fitar a Ingila a 1961, ko na Datsun 240Z da kamfanin Nissan ya fitar a 1969, sai tsawon ya ƙaru, har direba ya koma zaune kusan a kan tayoyin baya. Masu sha'awar irin waɗannan motoci suna ganin wannan dogon hanci shi ne kyansu. To amma mai tuƙi yana zaune ne ƙasa-ƙasa, kuma idan ya zo mararraba, hancin motar ya riga shi shiga titi da kusan taku biyu kafin shi ya samu damar duba dama da hagu.

Kamfanin Peugeot, wanda mu muke kira Fijo, ya bi wata dabara tun a kan 404 da ya fitar a 1960. Maimakon ya tsayar da injin a miƙe, sai ya kishingiɗar da shi gefe da kimanin digiri 45, domin bonet ya sauka ƙasa. Haka aka yi wa injin fetur na 504 lokacin da aka nuna ta ga jama'a a birnin Faris a 1968. Duk makanikin da ya taɓa canza fulogi a wannan mota ya san injin a karkace yake, amma ba lallai ya san cewa an yi haka ne don gaban motar ya rusuna ba. Kamfanin Pininfarina na ƙasar Italiya ne ya zana jikinta, kuma shi ne dai ya riƙa zana wa Ferrari motocinta a wancan zamani. An ba 504 kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma Faransawa sun daɗe suna kwatanta fitilunta da idanun 'yar wasan fim ɗin nan ta Italiya, Sophia Loren.

A watan Maris na 1969, a bikin baje kolin motoci na Janeba, aka fito da ƙannenta biyu masu ƙofa bibbiyu, ɗaya mai rufi da ake kira Coupé, ɗaya mai buɗaɗɗen sama. Su ne 'yan ƙawa na gidan. An rage tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya daga mita 2.74 zuwa mita 2.55, an sauke rufi, sannan aka ba su fuska dabam: ƙananan fitilu huɗu masu kusurwa, bibbiyu a kowane gefe. A 1974 aka sa wa Coupé injin V6, aka kuma haɗe fitilun kowane gefe a ƙarƙashin gilashi guda. Da wuya mai karatu ya taɓa cin karo da ita a tashar Garwa ko Marwa, domin ba ta ɗaukar fasinja bakwai, ba ta kuma ɗaukar buhun albasa. Amma ƙashin jikinta ɗaya ne da na motar da ta yi ta kai mu kasuwa.

Inda aka gwada su a Afirka

Ba a titunan Turai waɗannan motoci suka yi suna ba, a turɓayar Afirka ne. Gasar Safari ta Gabashin Afirka a da ana yin ta ne a kan hanya mai tsawon kusan kilomita 5,000, dare da rana, kuma a wancan zamani ba a rufe wa jama'a hanya. Datsun 240Z ta cinye ta a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta sake ci a 1973 a hannun Shekhar Mehta. A 1975 Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya ci da 504 mai ƙofa huɗu, irin wadda muka sani, kuma a wannan shekarar ce Hannu Mikkola ya ci gasar Maroko da ita. A 1976 Timo Mäkinen ya ci gasar Bandama ta ƙasar Kwaddibuwa da Coupé V6, sannan a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya haɗa Safari da Bandama duka da irin wannan mota. Daga baya Toyota Celica, ita ma mai farfela, ta riƙe Safari shekara uku a jere, daga 1984 zuwa 1986.

Abin lura a hotunan waɗannan gasanni shi ne, babu motar da ta shiga daji da fuskar da masu zane suka ba ta. Kowace an ɗaga ta daga ƙasa, an kafa mata ƙarfen kariya a gaba saboda dabbobi, an jera mata manyan fitilu zagayayyu na kamfanoni irin su Cibié, wasu kuma an ɗora musu ƙarin fitila a saman kafaɗa kusa da gilashin gaba, inda taɓo ba ya saurin rufewa, domin mutanen ƙauye su hango mota tun daga nesa. Wato dai da aka zo wurin da rai ke kan layi, sai kyau ya matsa gefe, gani ya shige gaba. Direbobinmu da ke ɗaura wa akori-kura ƙarin fitila a kan bamba, ko sun sani ko ba su sani ba, tafarkin 'yan Safari suke bi.

A shekarar da 504 ta ci Safari, wato 1975, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot. An daina yin 504 mai ƙofa huɗu a Faransa a 1983, amma Kenya ta ci gaba har 2004, Najeriya kuma har 2006. Wannan ne ya sa arewacin Kamaru ya zama mahaɗar Fijo iri biyu: wadda ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya iso a 1974, da kuma ta Kaduna wadda ta shigo ta Belel da Demsa da Gashiga, ko ta Sahuda da Bukula, ko ta Banki da Amchide kafin rikicin Boko Haram ya durƙusar da kasuwancin wannan ƙofa a 2014. Kayan gyara ma ta waɗannan hanyoyi suka riƙa shigowa, tare da man zuwa-zuwa a jarkoki.

Doka ce ta zana fitila

Mutum zai ɗauka mai zane ne kaɗai ke yanke shawarar yadda fuskar mota za ta kasance. Tarihi ya nuna hukuma ta fi shi iko. A Faransa, dokar 1936 ta wajabta wa motoci fitila mai launin rawaya, ba a kuma janye wajibcin ba sai a 1993. Shi ya sa dattawanmu ke tuna motocin da ke fitowa daga ƙasashen rainon Faransa da jan ido kamar na mai zazzaɓi, alhali na Najeriya fari ne tas. Hasken rawaya ba ya kashe idon mai tahowa kamar fari, direbobi da yawa kuma sun fi jin daɗinsa a lokacin hazo, sai dai launin da ake sa wa kwan yana rage wani kaso na hasken. A ganinmu, wanda ke tunanin rawayar fitila za ta huda masa ƙurar hunturu ya ga abin da ke bayanta yana yaudarar kansa ne. Abin da take yi kawai shi ne rage wa ido gajiya.

A Amurka kuwa, tun daga 1940 doka ta ce kowace mota sai ta sa zagayayyar fitila mai faɗin inci 7, wadda kwai da madubi da gilashi duk a manne suke, idan ta ƙone a jefar da ita gaba ɗaya. A 1957 aka yarda da ƙanana huɗu, a 1974 aka yarda da masu kusurwa huɗu, sai a 1983 aka sake wa kamfanoni mara su yi fitila mai siffar da suke so. Saboda haka 504 da aka sayar a Amurka ba ta da idanun nan namu, zagayayyun fitilu huɗu aka liƙa mata. Ita ma E-Type, wadda a farko fitilunta ke lulluɓe da gilashi mai santsi, dokar Amurka ta sa an yaye wannan lulluɓi a ƙarshen shekarun 1960.

Daga nan ne aka samu yawaitar motoci masu ƙifta ido. Mai zane yana son hancin motar tsere ya yi ƙasa ya yi tsini don ya keta iska, doka kuma ta ce fitila sai ta kai wani tsayi daga ƙasa, sai ta kasance mai girma kaza. Mafita ita ce a ɓoye fitilar a cikin bonet da rana, idan an kunna ta da dare ta ɗago kai. Dabarar ta girmi wannan zamani, domin motar Cord 810 ta Amurka ta zo da ita tun 1936, amma a shekarun 1970 da 1980 ne ta zama ruwan dare: Mazda RX-7 ta 1978, Porsche 924 da 944, da Mazda MX-5 ta 1989. Toyota ma, a kan ƙaramar motarta mai farfela ta ƙarshe a dangin Corolla, wadda ake kira AE86 kuma aka yi daga 1983 zuwa 1987, ta ba mai saye zaɓi: Levin mai kafaffiyar fitila, ko Trueno mai ƙiftawa. A 2004 aka daina yin na ƙarshe daga cikin manyan masu wannan salo, wato Lotus Esprit da Chevrolet Corvette ta wancan zubi.

Irin wannan fitila tana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Idan ta ɗago, direba na ganin kawunanta biyu daga kujerarsa, sai ya san iyakar kusurwoyin motarsa, abin da ba ya gani da rana saboda hancin ya gangara ya ɓace masa. Amma a ƙasa irin tamu aibinta ya rinjayi amfaninta. Kowace fitila tana da ɗan ƙaramin moto da gaɓoɓi da ke ɗaga ta, kuma ƙurar Disamba da Janairu ba ta barin gaɓa lafiya. Ranar da ɗaya ta ƙi tashi, mota ta zama mai ido ɗaya.

Mai ido ɗaya kuwa, ko mai ƙiftawa ce ko Fijo ce da kwanta ya ƙone, ita ce abin tsoro a hanyoyinmu. A gari kamar Garwa inda babura suka fi motoci yawa nesa ba kusa ba, duk wanda ya hango haske guda na tahowa zai ɗauka ɗan acaba ne, ya ba shi ɗan wuri daidai na babur. Idan fitilar hagu ce ta mutu, rabin motar da ke kusa da tsakiyar titi na cikin duhu, kuma nan ne ake haɗuwa.

Ginshiƙi siriri, ginshiƙi mai kauri

Wanda ya saba da 504 ko 505, wadda ita ce motar Peugeot mai farfela ta ƙarshe kuma aka fitar a 1979, idan ya shiga motar zamani yakan ji kamar an sa shi a rijiya. Ba ƙarya yake ji ba. A tsofaffin motoci ginshiƙan da ke riƙe da gilashin gaba sirara ne, gilashin a ɗan miƙe yake, tagogi manya ne, kuma kafaɗun bonet na fitowa sarai, ta yadda direba zai iya ratsa cunkoson ranar kasuwar Pitowa ko Ngong yana sane da inda ƙarfensa ya ƙare. A sababbi ginshiƙin ya yi kauri, gilashi ya kwanta, har babur guda na iya ɓuya a bayan ginshiƙin na ɗan lokaci idan ana shan kwana.

Sai dai kada ɗoki ya sa mu manta dalilin kaurin. An ƙarfafa ginshiƙi ne don rufi kada ya murƙushe mutane idan mota ta wuntsila, a wasu motocin kuma a nan ake ɓoye balan-balan ɗin kariya. Wanda ya taɓa ganin abin da ya rage na tsohuwar mota da ta ƙwace a gangaren dutsen nan na tsakanin Ngaundere da Mbe ya san siririn ginshiƙi ba ya ɗaukar nauyin mota. Tsohuwar ta fi taimakon direba ya kauce wa haɗari, sabuwar ta fi ceton rai idan haɗarin ya auku, kuma duk dillalin da ya ce maka motarsa ta haɗa duka biyun, ciniki yake nema.

Bonet ma ya ƙara tudu. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 game da kare masu tafiya a ƙasa, wadda ta fara aiki a kan sababbin motoci a 2005, ta sa kamfanoni barin sarari tsakanin bonet da injin domin kan wanda aka buge kada ya dira kan ƙarfe mai tauri, kuma irin waɗannan ƙa'idoji na daga cikin abin da ya rufe babin fitila mai ƙiftawa. A gefe guda kuma kasuwa ta koma wa manyan jif da akori-kura masu gaba kamar katanga. A watan Nuwamba na 2023, cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta fitar da bincike cewa motocin da tsayin gabansu ya haura inci 40, wato kimanin mita guda, sun fi waɗanda ba su wuce inci 30 ba kuma masu gangararren hanci yawan kashe wanda suka buge da kimanin kashi 45 cikin 100. A Amurka aka yi binciken, amma yaron da ke tallan ruwa a bakin tasha tsayinsa ɗaya ne a ko'ina, kuma direban babbar jif ba ya ganinsa idan ya matso jikin bamba.

Lodi na ɗaga hanci

Yanzu mu zo kan abin da ya fi shafar mai karatu kai tsaye. Fijo ta yi ƙaranci a tashoshinmu, Toyota ta karɓi wurinta, amma Hiace da Hilux da ke ɗaukar kayanmu a yau su ma masu farfela ne, kuma mun fi son su ne saboda dalilin da ya sa muka so 504: idan aka danna musu kaya a baya, tayoyin da ke turawa suna ƙara kama ƙasa, sai su fita daga yashi da taɓon da zai riƙe mota mai jan gaba. Wannan alheri yana da kuɗinsa. Idan baya ya zauna, gaba na ɗagawa.

Ga lissafin. Ƙaramin haske, wanda direbobin Najeriya ke kira dim, na wannan ɓangare kuma ke kira kod, ana saita shi ne ya riƙa sunkuyawa kaɗan, galibi santimita 1 a kowace mita guda, wato santimita 10 a mita 10. Tazarar tayoyin gaba da na baya a 504 mai kujeru jeri uku mita 2.9 ce. Idan kaya suka sa bayanta ya nutse da santimita 5 kacal, wanda bai kai faɗin tafin hannu ba, hasken zai tashi da kimanin santimita 17 a mita 10. Ka ga ke nan ya cinye sunkuyon nan na santimita 10 har ya haura sama. Motar da ta bar gareji da fitila daidai, da an ɗora mata buhunan masara ko dilolin atamfa ta koma tana haska idon mai tahowa da rassan bishiya, ramin da ke gabanta kuwa na cikin duhu. Sai direban tirela da aka kashe wa ido ya rama da ful, kowa ya makance na wasu daƙiƙu. Kuma mun san santimita 5 wasa ne a lodinmu. Akwai motar da ke barin Mbaibum bamban baya na kusan shafar ƙasa.

Faransawa sun san da wannan matsala, shi ya sa motocinsu da yawa na wancan zamani ke da wani ɗan hannu a bayan fitila ko a kusa da sitiyari na sunkuyar da haske idan an yi lodi. A motocin Turai na baya-bayan nan akwai ɗan ƙaramin gare-gare mai lamba 0 zuwa 3 a gefen sitiyari: 0 na mota ba kaya, 3 na cikakken lodi. Mun sha shiga motar haya muka ga wannan abu ƙura ta rufe shi, ba a taɓa murza shi ba tun ranar da motar ta sauka daga jirgi.

Akwai lissafi na biyu da ya kamata mai kaya ya riƙe, ko da ba shi ke tuƙi ba. Fitilar da ke santimita 65 daga ƙasa, mai sunkuyon da muka ambata, haskenta na dira a titi ne a kimanin mita 65. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ya gani ya kai ƙafa kan birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, mita 33 ke nan. Birki mai kyau a busasshiyar kwalta zai buƙaci ƙarin kimanin mita 40. Jimla ta haura mita 70, tun ba a sa nauyin kaya da suɗaɗɗiyar taya a lissafi ba. Ma'ana, mai gudun 80 da ƙaramin haske ba zai iya tsayawa ba kafin ya isa abin da fitilarsa ta nuna masa. A babbar hanya ta ɗaya, wadda ta biyo ta Ngaundere ta bi gefen gandun dajin Binuwai ta ratsa Garwa da Figil zuwa Marwa da Kuseri, abin da fitila ke nunawa na iya zama garken shanu, ko amalanken shanu mara ko ƙyalli, ko babbar motar auduga da ta lalace aka jera mata ganye a baya. Zafin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40 a Garwa, shi ke tura mu tafiyar dare da ta asuba, ga kuma son isa kasuwa kafin a watse.

Maganin da mutane suka fi rugawa gare shi shi ne ƙarin wuta. Kwan H4 na asali wat 60 ne a babban haske, 55 a ƙarami. Sai a cire shi a sa mai wat 100, wanda ke dafa wayoyi da makunnin da ba a yi su don wannan nauyi ba, ko kuma a cusa farin kwan zamani na LED a cikin kaskon da aka ƙera don kwai mai zare. Madubin kaskon an lanƙwasa shi ne don ya tattara haske daga wuri guda ƙanƙane, daidai inda zaren yake. Idan tushen hasken ya goce daga wannan wuri, sai ya fantsama ko'ina. Direba na ganin gabansa ya yi fari fat yana murna, alhali nesa bai ƙaru ba, masu tahowa kuma na tsine masa. Sau da yawa ciwon ba a kwan yake ba. A tsohuwar mota gilashin fitila ba ya dushewa, amma madubin ciki na yin tsatsa idan ruwa ya shiga, waya ta tsufa tana rage wuta, wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfe ta yi datti. A sababbi kuwa murfin roba ne, rana ke mai da shi rawaya kamar haƙorin mai cin goro.

Kafin a biya kuɗi

Al'adarmu idan za mu sayi mota ita ce mu zagaye ta, mu ƙwanƙwasa ƙofa, mu saurari inji, mu duba hayaƙi. Muna ganin ya kamata a ƙara zama a kujerar direba a gwada abu biyu da ba sa cin ko sisi. Na farko, a ajiye jarka mai lita 20 a jikin bamban gaba, wani ya riƙa jan ta nesa har sai direba ya hango bakinta, a ƙirga taku nawa ne. Wannan fili shi ne inda ɗan akuya ko yaro mai rarrafe zai ɓace maka. A sake gwadawa bayan an yi lodi, za a ga ya ƙaru. Na biyu, bayan magariba a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, a auna tsayin fitila daga ƙasa a yi alama a bangon, a kunna ƙaramin haske. Iyakar hasken ta sama ya kamata ta faɗi kimanin santimita 10 ƙasa da alamar.

Wannan gwajin bango yana tona wani asiri kuma. Kamaru da Cadi da Nijar duk a dama ake tuƙi, Najeriya ma ta koma dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972. Fitilar da aka yi don ƙasashenmu, iyakar haskenta a kwance take ta hagu don kada ta shiga idon mai tahowa, sannan ta ɗaga ta dama don ta haska bakin titi, inda mai keke da mai tafiya a ƙasa suke. Motar da aka yi don Japan ko Ingila akasin haka take. Akan shigo da irin waɗannan motoci a mai da sitiyarinsu hagu a gareji, a yi fenti, a bar fitilun yadda suke, haka kuma akan sayo fitilar gwanjo a kasuwar kayan gyara ba tare da an tambayi daga wace ƙasa ta fito ba. Mai irin wannan mota duk dare yana zuba haske a idon jama'a, bakin titinsa kuma duhu.

Ana iya ganewa tun a shago, kafin a ɗaura. A jikin gilashin fitilar da ta bi ƙa'idar Turai akwai harafin E a cikin da'ira tare da lambar ƙasar da ta amince da ita: E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E11 Ingila. Kusa da nan za a ga haruffa irin su HC ko HCR. Idan babu kibiya tare da waɗannan haruffa, fitilar ta masu tuƙi a dama ce, wato tamu. Idan akwai kibiya mai kai ɗaya, ta masu tuƙi a hagu ce, a mayar wa mai shago. Mai kai biyu ana iya saita ta ga kowane ɓangare, sai a sa mai gyaran wuta ya juya ta zuwa namu kafin a ɗaure kusoshi.